Takardar ƙirƙira a gaban kotu: yadda ake ƙalubalantar ta kafin ranar shari'a

Jama'a masu sauraronmu a ƙauyuka, da ƴan uwa da ke karanta mu daga Kano, Kwatano, Lome, Akra, Abijan, Dubai, Faransa da Amurka, wannan bayani ya shafi duk wanda abincinsa ke cikin kayan fasaha: mai kantin salula da kwamfuta a unguwar Maourey ta Yamai, maƙerin da ke haɗa injin niƙa a kasuwar Katako, ɗan kasuwar da ke sauke farantan sola da famfo daga ƙasar Sin, da matashin da ya ƙera wata sabuwar na'ura yana tsoron a kwaikwaye ta. Ya kuma shafi ku da kuke turo jari ko kwantena daga waje, don kuɗinku ne ke cikin waɗannan kantuna.

Tambayar ita ce: in wani ya zo da takarda mai hatimi ya ce kayan da kake sayarwa fasaharsa ce, magana ta ƙare ke nan? Ba ta ƙare ba. Doka ta ba wanda ake ƙara damar ya ce takardar kanta ba ta inganta ba, kuma kotu na iya soke ta. Sai dai wannan dama tana da lokaci. Hujjar da ba a fito da ita ba tun ana shirya shari'a, sau da yawa ba ta da amfani ranar da aka zauna gaban alƙali.

Mece ce takardar ƙirƙira

Da Faransanci ana ce mata brevet d'invention, kuma ba ruwanta da brevet ɗin da yaranmu ke zanawa a ƙarshen koleji. Yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai bayyana wa duniya yadda na'urarsa ko dabararsa ke aiki, dalla-dalla, a rubuce. Ita kuma hukuma ta ba shi ikon hana kowa ƙera abin, ko shigo da shi, ko sayar da shi ba da izninsa ba, har tsawon shekara 20 daga ranar da ya ajiye takardun nema. Shekara 20 na cika, fasahar ta zama ta kowa.

Nijar ba ta da ofishin da ke ba da wannan takarda ita kaɗai. Muna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde ta Kamaru, wadda ta haɗa ƙasashe 17, cikinsu har da Benin, Burkina Faso, Mali, Cadi, Togo, Senegal da Kwaddibuwa. Dokar da ke tafiyar da ita ita ce yarjejeniyar Bangui ta 2 ga Maris 1977, wadda aka yi wa gyara a 1999, aka sake yi mata wani a Bamako ranar 14 ga Disamba 2015. Takarda guda da OAPI ta bayar tana aiki a duk ƙasashen 17. A nan gida, hukumar AN2PI ce ke tsakanin masu ƙirƙira da Yawunde. Waƙa, littafi da fim kuwa wani fanni ne daban, na ofishin BNDA mai kula da haƙƙin mawallafa.

A riƙe wannan da kyau: takardar ƙirƙira tana da iyakar ƙasa. Wadda aka bayar a Amurka ko a Sin ba ta da ƙarfi a Maourey sai in mai ita ya nemi kariya a OAPI. Najeriya kuma ba ta cikin OAPI, tana da tata dokar ta 1970. Wato mai takardar Yawunde yana da iko a Maraɗi, amma da an tsallaka Ɗan Isa zuwa Jibiya ikonsa ya tsaya. Haka mai takardar Abuja, nasa ikon bai wuce Illela ya shigo Birnin Ƙonni ba.

Me ya sa hatimi bai isa ba

Mutane da yawa na ɗauka cewa in hukuma ta ba da takarda, to ta bincika ta tabbatar abin sabo ne. A yankinmu, shekaru da dama ba haka abin yake ba. A ƙarƙashin dokar 1999, abin da OAPI ta fi dubawa shi ne cikar takardu da biyan kuɗi, kuma dokar da kanta ta faɗa cewa ana ba da takardar ne bisa alhakin mai nema, ba tare da lamunin cewa ƙirƙirar sabuwa ce ko tana da inganci ba. Gyaran Bamako ya kawo binciken ainihin ƙirƙirar, ya kuma buɗe ƙofar adawa kafin a bayar. Amma takardun da aka bayar a tsohon tsari suna nan da ransu har shekarunsu su cika. Dokar Najeriya ta 1970 ma haka take: magatakarda yana duba tsarin takardu, batun inganci kuma an bar wa babbar kotun tarayya.

Kun ga ke nan, a ƙasashenmu kotu ce wurin da ake gwada takarda gwaji na gaskiya, wani lokaci ma shi ne gwajinta na farko. Shi ya sa wanda aka kai ƙara ke da kariya iri biyu. Ta farko, ya ce kayana ba su shiga cikin abin da takardarka ta killace ba. Ta biyu, ya ce ko sun shiga, takardar ba ta cancanci a bayar da ita ba tun asali. Lauyoyi kan kawo duka biyun tare, don in ɗaya ta faɗi ɗayar ta tsaya.

Dalilan da ke soke takarda

Na farko, rashin sabunta. In an taɓa bayyana abin ga jama'a kafin ranar da aka ajiye takardun nema, a ko'ina cikin duniya, ta rubutu, ta baki, ta sayarwa ko ta amfani a fili, to ba sabo ba ne. Tsohon kundin tallar kaya daga Guangzhou, littafin koyarwa na makarantar sana'a, ko injin da ya shekara goma yana aiki a wani ƙauye, duk suna iya zama hujja.

Na biyu, rashin wani mataki na basira. Abu na iya zama sabo amma ya kasance duk ƙwararren mai sana'ar zai iya kaiwa gare shi ba da wahala ba. Wanda ya ɗauki famfon da aka sani ya haɗa shi da farantin solar da aka sani, ta hanyar da kowane mai gyaran lantarki zai haɗa, bai ƙirƙiri komai ba a idon doka.

Na uku, abin ya kasance ba a iya ƙera shi ko amfani da shi a wata sana'a, noma ma na ciki.

Na huɗu, gajeren bayani. Tunda yarjejeniyar ita ce ka bayyana a ba ka kariya, wanda ya ɓoye sirrin har ƙwararre ba zai iya aiwatar da abin daga rubutunsa ba, bai cika nasa alkawarin ba.

Na biyar, akwai abubuwan da dokar Bangui ta fitar daga wannan fanni gaba ɗaya: ka'idojin kimiyya da lissafi, dabarun kasuwanci zalla, hanyoyin yi wa mutum ko dabba tiyata da magani, irin shuka da jinsin dabbobi, da manhajar kwamfuta ita kanta. Manhaja tana samun kariya ta haƙƙin mawallafi, irin shuka kuma yana da tasa takardar daban.

Bayan waɗannan akwai faɗuwar takarda. Mai ita yana biyan kuɗi kowace shekara, kuma in ya ƙi biya har wa'adin sassauci na wata shida ya wuce, haƙƙinsa ya faɗi. Don haka abu na farko da lauya mai hankali ke nema shi ne bayanin rajistar OAPI: takardar tana raye? Sunan wa ke kanta yau? Mai ƙarar shi ne mai ita?

Akwai kuma wata kariya da ba ta soke takarda amma tana tsirar da mutum. Wanda ya riga ya mallaki fasahar da zuciya ɗaya, yana aiki da ita a cikin ƙasashen ƙungiyar kafin ranar da wancan ya ajiye nemansa, doka ta bar shi ya ci gaba da aikinsa. Maƙeran Katako su lura da wannan.

Yadda rigimar ke farawa a Yamai

Galibi ba a fara ta da zaman kotu. Mai takarda kan je wurin shugaban kotu shi kaɗai, ya nuna takardarsa, ya nemi izinin a je a duba kayan da yake zargi. In an ba shi, sai ma'aikacin shari'a mai kai sammaci, wanda ake kira huissier, ya zo kanti ko shagon ƙira, wani lokaci da masani a tare da shi, ya rubuta bayanin kayan, ko ya ɗauki samfuri, ko ya kama kayan in umarnin ya ce haka. Alƙali na iya sa mai ƙara ya ajiye kuɗin jingina tukuna. Dole ne a bar wa mai kanti kwafin umarnin. Daga ranar, dokar Bangui ta ba mai ƙara kwana 10 na aiki ya shigar da cikakkiyar ƙara. In bai yi ba, kamun ya rushe da kansa, kuma mai kanti na iya neman diyya.

A lura, dokar ba maƙeri kaɗai ta kama ba. Shigo da kaya, ajiye su, baje su da sayar da su duk suna ciki. Shi ya sa ɗan kasuwar da bai taɓa riƙe guduma ba zai iya tsintar kansa a cikin irin wannan shari'a.

In ƙarar ta je kotun kasuwanci ta Yamai, wadda dokar 2015 ta kafa, ana fara neman sulhu. In bai yiwu ba kuma shari'ar ba ta nuna ba, sai a miƙa ta ga alƙali mai shirya shari'a. To nan ne gizo ke saƙa. Wannan alƙali yana tsara kalanda: ranar da mai ƙara zai kawo bayaninsa a rubuce da takardun hujjarsa, ranar da wanda ake ƙara zai amsa, ranar martani. Ƙa'idar ita ce duk takardar da mutum zai dogara da ita, sai ya ba abokin shari'arsa ya gani, ya samu lokacin amsawa. Ana iya naɗa masani ya buɗe na'urar ya kwatanta. Daga ƙarshe alƙali ya sa hannu a umarnin rufe shiri, kuma bayan wannan ba a karɓar sabon bayani ko sabuwar takarda sai da babban dalili.

Ma'ana, mai son ya ce takardar ba ta inganta ba, a cikin wannan tsakani ne zai faɗa, ya nemi a soke ta, ya ajiye hujjojinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In mai takarda ya bi ta kotun hukunta laifi ne, nan ma wanda ake tuhuma na da damar kawo batun rashin ingancin, kuma kotun za ta yanke a kai. Ba dole ba ne ma mutum ya jira a kai shi ƙara: duk mai ruwa da tsaki na iya zuwa kotu da kansa ya nemi a soke takardar da ta tare masa hanya.

Nauyin wannan hukunci ya wuce Yamai. A tsarin OAPI, hukuncin ƙarshe da kotun wata ƙasa ta yanke kan ingancin takarda yana aiki a sauran ƙasashen ƙungiyar, in ban da wanda aka gina kan tsaron al'umma ko tarbiyya. Takardar da ta faɗi a Yamai ta faɗi a Dakar da Duwala.

Amurka, inda aka fi tsananta wa'adi

Manyan rigingimun salula da kwamfuta da yawa a Amurka ake yin su, kuma can ne aka fi tsara wannan mataki. Muna kawo shi don ƴan uwanmu da ke can, kuma don darasin iri ɗaya ne da namu.

Tun farkon shekarun 2000 kotun tarayya ta arewacin Kalifoniya, inda manyan kamfanonin fasaha suke, ta kafa dokoki na musamman, kotun gabashin Texas da wasu suka bi sahu. Mai ƙara ne ke farawa: ya jera kowane sashe na takardarsa da yake cewa an taka, da kowace na'urar da yake zargi. Daga nan wanda ake ƙara yana da kwana 45 ya kawo nasa jerin dalilan rashin inganci. Zai faɗi sunan kowace tsohuwar takarda, kowane littafi, kowace na'urar da aka taɓa sayarwa, da ranarta, da wanda ya sayar. Zai zana jadawali yana nuna, layi bayan layi, inda kowane ɓangare na ƙirƙirar yake a cikin tsohon abin. In yana cewa haɗa tsofaffin abubuwa biyu ne kawai aka yi, sai ya faɗi waɗanne biyun. Bayan wannan ba ya canza jerin sai da izinin alƙali, kuma sai ya nuna bai yi sakaci ba. A 2006 kotun ɗaukaka ƙara mai kula da wannan fanni ta tabbatar da ƙarfin waɗannan dokoki a shari'ar O2 Micro da Monolithic Power Systems.

Manufar ita ce kada kowa ya riƙa sauya magana a tsakiyar hanya, ko ya ɓoye makami sai ranar shari'a ya zaro.

Shari'ar Apple da Samsung ta nuna yadda abin ke cizo. Apple ya shigar da ƙara a watan Afrilu 2011 a San Jose, yana cewa an kwaikwayi iPhone da iPad. Cikin abubuwan da Samsung ya so ya nuna akwai wani yanki na fim ɗin Stanley Kubrick na 1968, inda ƴan sama jannati ke kallon wasu allunan lantarki masu faɗi, don ya ce siffar iPad ba sabuwa ba ce. Samsung ya taɓa ambaton fim ɗin tun farko, amma bai bayyana a kan lokaci cewa zai kafa hujjar rashin inganci da shi ba. Kotu ta hana a nuna shi, kuma alƙaliya Lucy Koh ta tabbatar da hanin. A watan Agusta 2012 masu taya alƙali hukunci suka ce Samsung ya biya sama da dala biliyan 1. An rage kuɗin daga baya, an yi ta ɗaukaka ƙara, sai a watan Yuni 2018 suka sasanta. Kamfani mai tarin lauyoyi ke nan, amma hujjar da ta makara ba ta shiga ɗakin shari'a ba.

Shari'ar Microsoft da wani ƙaramin kamfanin Kanada mai suna i4i ta koyar da wani abu daban. Microsoft ya ce i4i ya riga ya sayar da wata manhaja mai ɗauke da wannan dabara fiye da shekara guda kafin ya nemi takarda. Sai dai asalin rubutun tsohuwar manhajar an lalata shi shekaru kafin shari'ar, aka koma dogaro da abin da shaidu suka tuna. A watan Yuni 2011 kotun ƙolin Amurka ta ce takarda tana nan da ƙarfinta har sai mai ƙalubale ya kawo hujja bayyananniya mai gamsarwa. Microsoft ya tashi da biyan kusan dala miliyan 290. Wato sanin cewa abu tsoho ne daban, iya tabbatar da shi da rana da wata daban.

Tun 2012 Amurka ta ƙara wata hanya: wanda aka kai ƙara na iya komawa ofishin da ya ba da takardar ya nemi a sake duba ta, amma cikin shekara guda daga ranar da aka miƙa masa sammaci. Nan ma wa'adi ne.

Misalan da suka fi kusa da mu

A watan Nuwamba 2007 wani kamfani mai suna Lancor ya kai ƙungiyar One Laptop Per Child ƙara a babbar kotun tarayya ta Legas. Lancor ne ya yi allon rubutun kwamfuta mai suna Konyin, wanda aka tsara don haruffan harsunan Najeriya, irin su ɓ, ɗ da ƙ na Hausa. Ya ce an kwaikwayi tsarinsa mai rajista a ƙananan kwamfutocin da aka yi don ƴan makaranta, ya nemi diyyar dala miliyan 20. Kotu ta ba da umarnin wucin gadi na dakatar da rarraba kwamfutocin a Najeriya. Abin lura shi ne dakatarwa na iya zuwa tun kafin a kai ga tambayar inganci, kuma ga ɗan kasuwa, wata uku kaya na kulle asara ce ko da daga baya ya yi nasara.

Salulolin Tecno, Itel da Infinix da suka cika kantunan Maourey da Babbar Kasuwa, kamfanin Transsion na ƙasar Sin ne ke yin su. A 2024 kamfanin Qualcomm na Amurka ya kai shi ƙara a babbar kotun Delhi ta Indiya kan takardun ƙirƙira. Irin wannan rigima tsakanin manya take, kuma ba kasafai take sauka kan mai kanti ba, amma kuɗin lasisin da ake biya a ƙarshe yana shiga cikin farashin wayar da ke aljihunmu.

Dogon yaro, wanda wasunmu ke kira bedi, shi ma ya shiga kotu. A 1994 ofishin Turai ya ba kamfanin W.R. Grace da ma'aikatar noma ta Amurka takarda kan maganin cutar shuka da ake yi da mansa. Masu adawa suka kawo shaidar cewa a Indiya an riga an yi amfani da wannan dabara a gona. Aka soke takardar a shekarar 2000, aka tabbatar da sokewar a 2005. Haka aka yi da gangamau: an ba da takarda a Amurka a 1995 kan warkar da rauni da shi, hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta kawo tsofaffin rubuce-rubuce, aka soke a 1997. Abin da kowa ya sani a baki sai da aka same shi a rubuce, ko daga bakin shaidar da ke iya faɗin shekara da wuri, sannan ya yi aiki.

Mu ma a Nijar mun ɗanɗana. Kamfanin iri na Tropicasem da ke Senegal ya nemi OAPI ta ba shi takardar mallakar iri da sunan albasa Violet de Galmi, albasar da manoman Galmi da kewaye a jihar Tawa suka daɗe suna nomawa. Da labarin ya bazu a 2009, ƙungiyoyin manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye, kamfanin ya bar sunan ya koma Violet de Damani. Daga baya OAPI ta yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajistar alamar asali. Wannan takardar iri ce, ba ta ƙirƙirar na'ura ba, amma hanyar ɗaya ce: an ji da wuri, an yi magana da wuri, an nuna abin ya riga mai nema.

Abin da ya kamata kowa ya tanada

Ba a fafe gora ranar tafiya. Hujjar soke takarda tsohuwar hujja ce, don haka tun kafin rigima ake tara ta.

Ɗan kasuwa ya ajiye takardun saye, takardun duwan, kundin tallar kaya da saƙonnin da suka yi da mai sayar masa, ko na WhatsApp ne. Takardar duwan ta 2014 da ke nuna an shigo da irin wannan famfo tana iya kayar da takardar ƙirƙirar da aka nema a 2017. Mai sayen kaya da yawa ya nemi a rubuta cikin yarjejeniya cewa in rigimar fasaha ta taso, mai sayarwa ne zai ɗauki nauyi. Ku da ke Guangzhou ko Dubai kuna yi wa ƴan uwa sayayya, wannan aikinku ne.

Maƙeri da mai walda su samu littafi guda suna rubuta abin da suka ƙera, ranar, da wanda ya saya, su ɗauki hoto. Ƙungiyoyin mata da na manoma da suka karɓi injin daga wani shiri su adana takardar miƙa kayan. A ƙauye ake samun tsohon injin da zai tabbatar cewa abu ba sabo ba ne, don haka kar a yi saurin sayar da shi ga masu gwangwan in an ji ana rigima a kan irinsa.

In ma'aikacin shari'a ya zo, kada a yi faɗa, kada a ɓoye kaya. A karɓi kwafin umarnin, a rubuta ranar, a duba lambar takardar da sunan mai ita, a nemi lauya a ranar. Kada a sa hannu a wata takardar amsa laifi ko alkawarin biya kafin lauya ya gani. A gaya wa lauya duk abin da aka sani tun zaman farko, har wanda ake ganin ƙarami ne, don shi ne ya san ranar da ƙofa za ta rufe. Rumbunan takardun ƙirƙira na duniya, irin su Espacenet da Patentscope, kyauta ne a intanet, kuma ɗalibi ko ɗan uwa mai jin Faransanci ko Ingilishi na iya taimakawa da bincike.

Masu ƙirƙira kuma, wannan bayani ba don a karya muku gwiwa ba ne. Ƙasar da ta fitar da Abdou Maman Kané, wanda dabararsa ta ban ruwa ta hanyar salula ta ci babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu a 2015, tana bukatar takardu masu ƙarfi. Ƙarfin takarda kuwa daga shirinta yake. A bincika abin da ya riga ya wanzu kafin a kashe kuɗi. A rubuta bayani cikakke. A ajiye nema kafin a nuna na'urar a Facebook, a baje koli ko a gidan rediyo, har da namu, don bayyanawar da mutum ya yi da kansa tana iya kashe sabuntar abinsa, kuma sassaucin da doka ta yi a nan ƙanƙane ne. A biya kuɗin shekara a kan lokaci. Mai son kariya a Kano ko Legas ya nema a Najeriya daban. Kafin kuma ya kai wani ƙara, ya tambayi kansa ko takardarsa za ta jure bincike, don ranar da ya shigar da ƙara ita ma takardar ta shiga shari'a.

Wannan bayani na wayar da kai ne, bai maye gurbin shawarar lauya ba. Mai tambaya kan rajista ya tuntuɓi AN2PI a Yamai, wanda kuma takardar kotu ta riga ta iso hannunsa ya nemi lauya tun kwanakin wa'adi ba su fara ƙarewa ba. Allah ya kiyaye mana dukiya da sana'a.